Kafin Ka Shiga Matsatsin Dutse a Abzin

Tun da hotunan garin Timiya na Abzin suka fara yawo a wayoyi, samari ke iske ni a Yalwawa, nan Dutse, suna tambayar kuɗin mota zuwa Abzin. Tuƙi a wannan hanya shi ne sana'ata: daga Dutse mu bi Gumel, mu ƙetare iyaka a Maigatari, mu kwana a Damagaram, sannan Tanut har Agadas. Tambayarsu ba ta wuce mai da takardu da tsaro, kuma suna da gaskiya, don ni ma ba na tashi sai na ji halin da hanya take ciki daga bakin mutanen can. Abin da ba sa kawowa a rai shi ne ambaliya. Wa zai yi zancen ambaliya a hamada?

Ga yadda abin yake. Duwatsun Bagzan na Abzin sun haura mita 2,000, kuma dutse ba ya shan ruwa. In hadari ya sauke a can sama, tsakanin Yuli da Satumba, duk ruwan sai ya gangaro cikin kori, kwazazzabon da yake bushe mafi yawan shekara. Inda korin ya matse tsakanin bangon dutse biyu, ruwan ba shi da wurin bazuwa, sai ya yi tsiri, ya taho da yashi da itace da manyan duwatsu. Kai kuwa kana ƙasa, rana na dukanka, ko ɗigo bai taɓa ka ba.

Haka ta faru a matsatsin Antelope da ke jihar Arizona ta Amurka a watan Agustan 1997: masu yawon buɗe ido 11 suka rasu, alhali ruwan da ya ci su a nesa aka yi shi. A Satumban 2009 kuma korin Telwa ya afka wa garin Agadas kansa, ya rusa gidaje masu yawa.

Shi ya sa ba na ajiye mota a cikin kori, ba na kuma barin kowa ya yi shimfiɗa a ciki, duk da nan ne yashi mai laushi da inuwa suke. Fasinjoji sukan ji haushina, na sani, amma gara haushinsu. Matsatsi kuwa ba ma shigarsa sai da ja-gaba Ba'abzine, kuma in ya dubi kan dutse ya ce a'a, magana ta ƙare ko da mun biya kuɗi.

In kana ciki ka ji ruri kamar na tirela daga nesa, ko ka ga siririn ruwa ya rine ja yana ɗauke da ƙirare, yar da kaya ka hau sama ta gefen da ya fi kusa. Kada ka bi tsawon korin da gudu, ruwan ya fi ka sauri.

Mai son ganin magangarar ruwan Timiya da lambunan lemo da rumman, ya tara kuɗinsa ya bari sai hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu.