Tallafin Bincike a Kan Rikice-rikice: Ina Rabon Mata?

Darasinmu na wannan fitowa zai fara ne da labarin wata tsohuwa.

A shekarar 1949 wani masani mai suna M. G. Smith ya zo ƙasar Zazzau yana nazarin sarauta da zamantakewar Hausawa. Ya zauna da hakimai da malamai da manoma, amma iyakarsa zaure, domin namiji ne kuma baƙo. Matarsa Mary ita ce ta samu shiga cikin gida. A can ta haɗu da wata dattijuwa mai suna Baba, suka yi makonni suna hira da Hausa tana rubutawa, har hirar ta zama littafin Baba of Karo da ya fito a 1954. A ciki Baba ta ba da labarin hare-haren kamun bayi na zamanin ƙuruciyarta: yadda ake ɗauke mata da yara, da yadda dangi ke fafutukar haɗa kuɗin fansa. Mai karantawa a yau sai ta ji kamar labarin Zamfara ake ba ta. Da Mary ba ta shiga ba, da wannan ilimi ya bi Baba kabari, domin ta rasu a 1951.

To, har gobe haka abin yake. Tun daga rikicin Maitatsine a Kano a 1980, wanda ya ci rayuka fiye da 4,000, zuwa na Kaduna a 2000, da na Jos a 2001, da tarzomar bayan zaɓen 2011 da ta halaka mutum sama da 800, har zuwa Boko Haram da 'yan bindiga, mace ce ake bari da takaba da marayu da zaman sansanin gudun hijira. Amma in aka zo rubuta abin da ya faru, yawanci maza ne ke tambaya, maza ke amsawa. Matar da aka ci wa mutunci a daji ba za ta buɗe baki ta gaya wa baƙon namiji ba, balle ta bakin tafinta.

Wannan ne ya kawo mu ga maganar tallafin bincike. Kada ki haɗa shi da sikolashif da muka saba ji, wanda ake biya wa ɗalibi kuɗin makaranta. Shi wannan, jami'a ko wata gidauniya ce ke ɗaukar nauyin mai digiri na biyu ko na uku, ko mai kan hanyar na ukun, na wata shida ko shekara ɗaya ko biyu, don ya zurfafa bincike a kan tambaya guda. Ana ba shi kuɗin zirga-zirga da na littattafai, sau da yawa a haɗa shi da gogaggen malami mai duba aikinsa, a ƙarshe ya fitar da maƙala ko littafi. Kuma abin da aka rubuta ɗin nan shi gwamnatoci da ƙungiyoyin agaji ke dubawa in za su tsara inda kuɗi zai tafi. Kin ga ashe ba hirar 'yan boko ba ce kawai.

Bari in ba da misali. Shekaru ana ɗauka cewa duk matar da ke hannun Boko Haram sato ta aka yi, musamman bayan ɗaukar 'yan matan Chibok 276 a 2014. Wata mai bincike Ba'amurkiya, Hilary Matfess, ta zauna da matan da suka fito daga hannunsu, ta wallafa littafi a 2017. Ta tarar da cewa ban da ɗimbin waɗanda aka sace, akwai waɗanda suka bi da ƙafarsu, saboda ana danƙa musu sadaki a hannunsu, an ɗauke musu wahalar gona, ana kuma koya musu karatu. Magana ce mai ɗaci, amma duk mai son hana yarinya komawa daji dole ya san abin da ya ja ta tun farko. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne: mace ce ta taso daga Amurka ta rubuta wannan, alhali muna da 'ya'ya masu digiri da ke jin Hausa da Kanuri da Fulatanci, waɗanda za su shiga har ɗaka su zauna a tabarma ɗaya da matan.

Ƙofofin kuwa akwai su. Gidauniyar Harry Frank Guggenheim da ke New York aikinta ke nan, ɗaukar nauyin bincike a kan tashin hankali, kuma ta ware wani shiri na musamman don masu karatun digiri na uku a jami'o'in Afirka. A 2012 wata majalisar binciken zamantakewa a Amurka, SSRC, ta buɗe shirin African Peacebuilding Network don masanan da ke zaune a nahiyar nan. Farfesa Funmi Olonisakin, 'yar Nijeriya da ke King's College a Landan, ita ta jagoranci kafa African Leadership Centre, wadda aka buɗe a Nairobi a 2010, kuma cikin shirye-shiryen da cibiyar ta gudanar har da na horar da matan Afirka zalla a fannin tsaro da zaman lafiya. A gida kuma, malaman manyan makarantun gwamnati na neman kuɗin bincike daga TETFund. Sharuɗɗa da lokacin nema kan canza, don haka sai a duba shafin kowace a intanet. Kuma a kula: ba a sayen wannan gurbi. Duk wanda ya ce ki turo kuɗi ya sama wa 'yarki, ɗan damfara ne.

Abin da ke kayar da yawancin masu nema shi ne takardar bayanin bincike. Wadda ta rubuta cewa za ta binciki "matsalar tsaro a Arewa" ta ɗebo da faɗi, ba za a ko kalle ta ba. Amma wadda ta ce za ta bi zawarawa 40 a ƙaramar hukuma ɗaya, ta ga yadda suke ciyar da marayu bayan an kashe mazajensu, ita ce za a saurara. Sai kasafin kuɗi dalla-dalla, da wasiƙun malamai biyu ko uku da suka san aikinta, da bayanin yadda za ta kare kanta da waɗanda za ta yi hira da su.

Na san tambayar da ke ranki: maigida fa, da yara? Gaskiya wasu shirye-shiryen na buƙatar zaman watanni a wata ƙasa, kuma ba kowane gida ne zai iya ɗaukar wannan ba. Amma da yawa kuɗin aikin fili ne, mace tana ɗakinta tana bincikenta a jiharta, in ban da taron bita na 'yan kwanaki. A yi shawara da maigida tun kafin a cike fom, a nuna masa takardun, kada sai an samu a zo ana kai ruwa rana. Uwar miji da ta riƙe jikoki na mako guda, ita ma da hannunta a aikin. Haɗari kuma ba a ɓoye shi ba: akwai garuruwan da ba a shiga, kuma sauraron labarin kisa da fyaɗe kullum yana taɓa zuciyar mai sauraro har ya hana ta barci.

Saura ke da ba ki da niyyar komawa makaranta. Wata rana mai bincike na iya yin sallama a ƙofarki, musamman in rikici ya taɓa shafar garinku. Ƙa'idar aikinsu ta wajabta ta faɗa miki daga wace jami'a take, me za a yi da maganarki, kuma ta nemi yardarki kafin ta kunna rikoda ko ta ɗauki hoto. Kina da ikon cewa a sakaya sunanki da na unguwarku, kina da ikon ƙin amsa tambaya, ko ki tsayar da hirar a tsakiya ba tare da ba da dalili ba. In ta yi miki alkawarin buhun shinkafa ko aikin yi saboda kin yi magana, ki yi hattara, don mai bincike ba ma'aikaciyar agaji ba ce. Ki kuma nemi ta bar miki sunan malamin da ke duba aikinta da lambar ofishinsa, ki ajiye.