Kafin ka yarda a sauke giyar Siennarka

Mako guda bayan Sallah, ka leƙa manyan garejin Kano ko Kaduna ko Sakkwato, da wuya ka rasa Sienna biyu ko uku bonet a buɗe. Labarin masu su kusan ɗaya ne. An ɗebi iyali da kaya an nufi gida, a hanya allurar zafi ta hau, aka tsaya aka zuba ruwan leda aka ci gaba. Da aka dawo sai mota ta fara fizga in za ta canja giya, ko ka taka totur inji ya yi ta kuka amma gudu bai ƙaru ba. Bakanike ya zagaya da ita sau ɗaya, ya dawo ya ce, "Alhaji, giya ta tafi, sai an sauke."

Shawarata ita ce kada ka amsa masa a ranar. Abu biyu ne suka fi kashe inji da giya a irin waɗannan motoci a ƙasarmu, zafi da man da bai dace ba, kuma sau da yawa giyar da ake ɗora wa laifi lafiyarta ƙalau, ciwon yana wani wuri. Na ɗauki Toyota Sienna ne domin ita ta fi yawa a hannun magidanta, amma mai Honda Odyssey ko Sharan ko Previa ma zai samu abin ɗauka.

Ka fara da sanin wace iri ce taka, don sunan ɗaya ne amma kayan ciki sun bambanta. Ta 1998 zuwa 2003 injinta lita 3.0 ne mai giya huɗu. Ta 2004 zuwa 2006 lita 3.3 ce mai giya biyar. Waɗannan biyun duk bel ne yake haɗa tafiyar bawul da ta fistin, wanda makanikai suke kira taimin bel. Daga 2007 aka koma inji mai lita 3.5 da yake amfani da sarƙa, a 2011 giya ta zama shida, a 2017 ta zama takwas. Kuma tunda kusan duk daga Amurka suka zo, ko ta Legas ko ta Kwatano, lambar da take kan mita mil ce ba kilomita ba. Mil 150,000 ya haura kilomita 240,000. Da yawa suna karanta lambar a matsayin kilomita, su ɗauka motar yarinya ce, su ɗage gyaran da lokacinsa ya daɗe da wucewa. Taimin bel na cikin irin wannan gyara. Toyota ta ce a canja shi duk mil 90,000, wato kimanin kilomita 145,000, kuma in ya tsinke a injin 3.3 mota na gudu yana iya lanƙwasa bawul. In ka sayi mota ba ka da shaidar ranar da aka canja shi, ka canja, ka haɗa da famfon ruwa tunda wuri ɗaya ake kwancewa.

Yanzu maganar zafi, wadda ita ce uwar matsalolin. Abin da masu mota da yawa ba su sani ba shi ne lagireto ba inji kaɗai yake yi wa aiki ba. In ka sunkuya ka duba gindinsa za ka ga wasu siraran tiyo biyu da suka taho daga giya. Man giya ne yake bi ta nan ya ratsa wani bututu da ke cikin lagireton ya huce, sannan ya koma. Saboda haka duk ranar da inji ya yi zafi fiye da kima, man giya ma ya dahu. Man da ya dahu kuwa santsinsa ya ragu, faifan kulocin da ke cikin giya su fara zamewa suna cinyewa. Shi ya sa matsalar giya takan ɓullo makonni bayan an yi fama da zafin inji, mai mota bai ma haɗa su ba.

A nan ne nake da ja da wata al'ada da ta zama ruwan dare a garejinmu. Mota tana sauka, sai a ce a cire tamostat a haɗa fanka kai tsaye, wai na ƙasar sanyi ne, ba ya yi da ranar Arewa. Wannan kuskure ne. Tamostat ɗin waɗannan injuna yana fara buɗewa ne a wajen digiri 82, aikinsa ya riƙe inji a zafin da aka ƙera shi ya yi aiki a kai, ko a Kanada yake ko a Maiduguri. In an cire shi, kwamfutar mota takan daɗe tana ganin inji bai ɗumama ba, sai ta yi ta ƙara fetur. Ka sha mai, fulogi ya yi baƙi, ragowar fetur ya gangara ya tsinka baƙin mai. Ita giyar ma an tsara ta ne kada ta shiga ta ƙarshe sai ruwan inji ya ɗumama, don haka da sanyin asuba na hunturu za ka ji motar ta ƙi sakin jiki a kan titi, ka ce giya ce. In mota tana zafi, akwai dalili: lagireto ya toshe, ko murfinsa ya daina riƙe iska, ko fanka ɗaya ta mutu, ko famfon ruwa yana yoyo, ko tamostat ɗin ne kansa ya maƙale. Wanda ya lalace a canja shi da sabo. Cire shi rufe ciwo ne da tsumma.

Ruwan da ake zubawa ma abin dubawa ne. Ruwan rijiya da na burtsatse suna ɗauke da gishirin ƙasa da yake daskarewa a cikin siraran hanyoyin lagireto, kuma ba sa hana tsatsa. Ruwan lagireto na kanti, ja ko ruwan hoda irin na Toyota, yana da maganin tsatsa kuma ba ya saurin tafasa. Sienna tana da ƙarin wani abu: yawancinsu suna da hita a baya don fasinja, da dogayen bututun ruwa da suka bi ta ƙarƙashin mota. In ruwa yana raguwa ba ka ga yoyo a gaba ba, a ɗaga motar a bi bututun nan har ƙarshe.

In allura ta hau kana kan hanya, kashe na'urar sanyi, ka kunna hita har ƙarshe ko da iyali za su yi gumi, domin tana janye zafi daga inji. Ka nemi wuri ka tsaya ka kashe mota. Kada ka buɗe murfin lagireto sai ka iya riƙe babban tiyon sama da hannu, don tafasasshen ruwan yakan yi tsartuwa ya saluɓe fuska da hannu. Kada kuma ka ce bari a lallaɓa zuwa gari na gaba. Kawunan waɗannan injuna na alminiyam ne, tafiyar 'yan mintoci a cikin ja ta isa ta lanƙwasa su ta ƙona gasket. Alamar hakan ta faru ita ce farin hayaƙi mai yawa daga salansa, ruwa yana ɓulɓulo da kumfa a lagireto, ko ka buɗe murfin baƙin mai ka ga wani abu fari-fari mai kauri ya manne a ciki.

Baƙin mai kuwa, ka karanta abin da aka rubuta a kan murfinsa. A yawancin tsofaffin Sienna 5W-30 ne, sababbi kuma 0W-20. Ana yawan ɗura musu 20W-50 da hujjar zafin ƙasa, alhali injin da yake da VVT-i matsin mai yake amfani da shi wajen juya lokacin buɗewar bawul, ta wasu ƙananan ramuka da mai kauri yake jinkirin ratsawa, musamman da safe. Injin 3.0 yana da tarihinsa na daban: ya yi suna wajen daskarar da mai ya zama kamar kwalta in an jinkirta sabis, har aka kai Toyota ƙara a Amurka, aka yi sulhu a 2007, kuma Sienna ta 1998 zuwa 2002 tana cikin motocin da abin ya shafa. Ga ƙurar hunturu, ga cunkoso, ga zafin Afrilu da yake haura digiri 40, ni dai ba na ba mai irin wannan inji shawarar ya wuce kilomita 5,000 bai juye mai da matata ba. Mai injin 3.5 na shekarun farko kuma ya sa a duba masa tiyon roba da baƙin mai yake bi ta ciki. Wasunsu sukan fashe mai ya tsiyaye cikin ɗan lokaci, shi ya sa daga baya Toyota ta fitar da na ƙarfe.

Mu zo ga giyar kanta. Gwajin farko ba ya cin ko kwabo. Ka yi tafiya motar ta ɗumama, ka tsaya a wuri mai lebur, inji na aiki, ƙafa a birki, ka bi da sandar giya kowane mataki ka dawo P. Zaro sandar awon man giya, goge, mayar, sake zarowa, ka ɗiga a farar takarda. Ja mai haske yana nufin lafiya. Ruwan ƙasa ya tsufa, a canja. Baƙi mai ƙaurin ƙuna yana nufin kuloci ya riga ya fara cinyewa. In kuwa ka ga ya yi kauri ya koma ruwan hoda mai fari-fari, bututun cikin lagireto ya huje ruwa ya shiga giya, kada motar ta ƙara motsawa da ƙafarta. Honda ta bambanta, ita sai an kashe inji ake aunawa nan take. Sienna daga 2011 kuma ba ta da sandar awo gaba ɗaya, ta ƙasa ake daidaita man a wani takamaiman zafi da na'ura take nunawa, don haka ba aikin da za a yi da ƙiyasi a bakin titi ba ne.

Irin man da aka zuba ya fi komai muhimmanci. A kasuwa duk jan mai sunansa man giya, amma ba ɗaya ba ne. Siennar farko Dexron take sha, ta 2004 zuwa 2006 Toyota T-IV, na baya kuma WS, kuma galibi an rubuta shi a kan sandar awo ko a littafin mota. Honda nata daban, da Z1 ne, yanzu DW-1. Man da bai dace ba shi kaɗai yana sa giya ta riƙa buga ƙirji ko ta yi rawa a gudun kilomita 60 zuwa 80. Ka sayi mai da kanka a wurin da ka amince, ka duba hatimin murfi, ka tsaya a zuba a gabanka. Juyewa ɗaya lita uku zuwa huɗu kawai take fitarwa, ko rabin abin da ke ciki bai kai ba, don haka in man ya tsufa sosai a juye, a yi mako biyu ana hawa, a sake juyewa. Ba na son wankin giya da injin matsi ga tsohuwar mota da ba a san tarihinta ba, yakan tayar da dattin da ya kwanta ya tura shi cikin bawul. Mai Odyssey ta 1999 zuwa 2004 ya ninka kula, don giyarsu ta yi ƙaurin suna, har a 2004 Honda ta kira na 2002 zuwa 2004 gyara saboda giya ta biyu ba ta samun isasshen mai tana ɗaukar zafi.

Gwaji na biyu shi ne na'urar karanta laifi. Duk motar da aka sayar a Amurka daga 1996 tana da soket ɗinta a ƙarƙashin sitiyari. Ka sa a rubuta maka lambobin kafin a goge. P0300 zuwa P0306 na nufin silinda ce take fashin wuta, wato fulogi ko kwayil ko nozul, kuma fizgar da wannan yake haifarwa a hawan tudu ta yi kama da ta giya ƙwarai. Wani abin lura a injin V6 na Sienna shi ne fulogi uku suna gaba a fili, uku suna baya ta wajen gilas, a ƙarƙashin bututun iska, sai an sha wahala ake kai musu. Akwai yaran gareji da suke canja na gaba su bar na baya. Ka nemi a miƙo maka tsofaffi guda shida a hannu. P0171 yawanci iska ce take shiga ta tsagaggen tiyo, ko ƙura ta rufe na'urar auna iska da ke bayan matata, abin da yake yawaita a watannin Disamba da Janairu. P0500 na'urar auna gudu ce, in ta mutu giya ba ta san lokacin canji ba. Haka nan ƙarar "gaf" da ake ji in an sa D ko ribas, sau tari robobin da inji yake zaune a kansu ne suka yage. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da yake buƙatar a taɓa giya, kuma kuɗinsu bai kama ƙafar na saukewa ba.

Yadda ake tuƙi ma da nasa rabon. A jikin ginshiƙin ƙofar direba akwai takarda da ta faɗi iyakar nauyin mutane da kaya, ka karanta ta kafin ka ɗora buhunan masara a kan mutum takwas. Kada ka sa ribas mota ba ta gama tsayawa ba. A gangara mai tsawo irin ta Hawan Kibo ka sauko da giya zuwa 3 ko 2 inji ya riƙe motar, kada ka sa N. In ta lalace a hanya, janwe ya ɗaga ƙafafun gaba, mai ja da ƙafa huɗu kuma a ɗora ta gaba ɗaya, domin in inji a kashe yake famfon man giya ba ya aiki, jan ta da igiya tafiya mai nisa yana nufin ƙarfe na cin ƙarfe a bushe.

In an yi duk wannan aka tabbatar giyar ce, misali ribas ya ɓace, ko an kwance farantin ƙasa an ga ɓarɓashin ƙarfe ya cika maganaɗisun da ke ciki, to sai a yi maganar wata giyar. Ko a Ƙofar Ruwa za ka saya, ko Panteka, ko Apo, ka tafi da lambar tsohuwar. A ta 2004 zuwa 2010, U151E ta mai ja da gaba ce, U151F ta mai ƙafa huɗu, ba sa shiga wa juna. Ka ƙirga bakin soket ɗin waya, ka nemi a rubuta maka kwanakin gwaji a kan rasit, a canja robobin hana yoyo tun tana ƙasa. Sannan a wanke tiyon nan biyu da bututun cikin lagireto, ko a canja lagireton in ruwa ne ya kashe ta farko, don ɓarɓashin tsohuwar giya yana nan maƙale a ciki, kuma da an tayar da inji cikin sabuwar zai zarce.