Sana'ar Hannu a Lokacin da Daji Ya Yi Wuyar Shiga

Duk wanda zai ba mutanen Ɗan Isa, Ƙauran Namoda, Shinkafi ko Zurmi shawara a kan sana'ar hannu a yau, tilas ya fara da tambaya ɗaya: a ina za a samo kayan aikin ba tare da an shiga daji ba? A da, yaro ne ake aike bayan gari ya yanko kaba, magidanci ya nufi fadama ya yanko gamba ya yi zana, itace kuwa ba a ma lissafa shi cikin cefane. Yau duk mai hankali ya san abin da nisa da gari yake jawowa a wannan yanki. Don haka ma'aunina uku ne: kayan aikin a same su cikin gari, jarin kada ya fi ƙarfin gida, mai saye kuma ya zama maƙwabci ne ko ɗan unguwa.

Da wannan ma'aunin nake duban tarurrukan koyon sana'a da ake yawan kira wa mata, inda ake koya musu sabulun ruwa da man shafawa da jakar duwatsu. Ba laifi ba ne, amma sinadaran daga Gusau ko Kano ake kawo su, kuɗin mota kuwa tun da aka cire tallafin mai a 2023 bai sake sauka ba. Ga shi mata talatin a unguwa ɗaya sun koyi abu ɗaya a rana ɗaya, to wa zai sayi na wa? Akwai abubuwan da suka fi wannan kusa da hannu.

Mafi sauƙi shi ne igiyar buhu. Tsohon buhun masara ko na shinkafa da ya yage, a wanke shi, a shanya, a warware zarensa, a tufka. Igiyar ɗaure akuya, dabaibayin jaki, igiyar guga, igiyar shanya, ragayar rataye ƙwarya, duk daga nan suke fita, kuma ba gidan da ba ya bukatar ɗaya daga cikinsu. Sirrin kawai shi ne kowace tufka a murza ta gefe ɗaya, sannan a haɗa su a murza ta ɗaya gefen. Idan aka murza duka gefe guda, igiyar warwarewa za ta yi. A ƙona bakin da wuta kaɗan don kada ya zare. Dattijon da ƙafa ta hana shi gona zai iya wannan yana zaune a zaure, yara maza kuma su koya a gefensa bayan makarantar allo. Buhun da aka zuba maganin ƙwari ko aka yi wa hatsinsa feshi, kada a yi igiyar guga da shi.

Sai kaba. Har yanzu ana kawo ta kasuwa dami-dami, kuma ya fi a saya da a tura yaro nema. Uwargida, in za ki saya, zaɓi wadda ta bushe a hankali ta yi haske, ba wadda ta yi baƙi-baƙin ruwa ba, don wannan karyewa take yi a hannu. A tsaga ta daidai wa daida, domin tsagar da ba ta daidaita ba ita ke sa tabarma ta karkace. Tsinken da aka cire kada a zubar, tsintsiya ce. Kafin a fara saƙa a yayyafa mata ruwa a nannaɗe cikin tsumma ta yi laushi. Mai koyo kada ta fara da tabarma. Ta fara da mafici, ta koma faifai, hannu ya faɗa tukuna. Faifai basilla kawai yake so da haƙuri, kuma kasuwarsa ba ta mutuwa muddin ana aurar da 'ya'ya, ana rufe ƙwaryar fura, ana bakace.

Game da rini, galura ta kasuwa ta fi haske, karan dafi kuma ja ne na gida da kakanni suka saba da shi. Ko wanne aka zaɓa, a ware masa tukunyarsa daban. Wannan ba ƙaramar magana ba ce a Zamfara. A 2010 yara fiye da 400 suka rasu a yankunan Anka da Bukkuyum saboda gubar dalma, kuma babban dalili shi ne an shigo da aikin dakan duwatsun zinariya cikin gida, inda ake girki, inda yara ke rarrafe. Galura da sodar sabulu ba dalma ba ne, amma ƙa'idar ɗaya ce: kayan sana'a ba sa haɗa tukunya, turmi ko ludayi da abinci, kuma a ajiye su inda hannun yaro ba ya kai.

Abin da na fi so kowane gida ya gwada, ko da ba don sayarwa ba, shi ne murhun laka. Murhunmu na duwatsu uku ɓarnar itace yake yi, domin iska na kwashe wutar ta kowane gefe, tukunya ta sami kaɗan, tsakar gida ta sha sauran. A ƙasar da shiga daji neman itace zai iya zama sanadin rai, rage cin itace ba tattali ba ne kawai. Maƙwabtanmu na Nijar sun daɗe da gane haka. Tun shekarun 1980 aka yaɗa murhun ƙarfe da ake kira Mai Sauƙi a can, tare da na laka da mata ke ginawa da kansu.

Ga yadda ake yi. A samo yumɓu irin na maginan tukwane, ko jar ƙasa mai danƙo irin ta gini. A cakuɗa da ƙaiƙayi ko dakakkiyar ciyawa da busasshen kashin jaki, a kwaɓa da ruwa, a tattake sosai, a rufe a bar shi ya kwana biyu ko uku ya ruɓa, kamar dai yadda magina ke yi wa ƙasar yaɓe. Ƙaiƙayin nan shi ke hana shi tsagewa in ya ji wuta. Sai a ɗauko tukunyar da aka fi girki da ita, domin kowane murhu da tukunyarsa ake auna shi. A kafa ƙananan duwatsu uku, a ɗora tukunyar, tsakanin gindinta da ƙasa ya zama kamar tsawon tafin hannu. In ya fi haka nisa, wuta ba ta kai. In ya gaza, wutar shaƙewa take yi ta koma hayaƙi. Daga nan a gina bango kewaye da ita, kaurinsa kamar yatsu huɗu, har ya kai kusa da wuyan tukunyar. Tsakanin bangon da cikin tukunyar a bar rata kamar kaurin yatsa ɗaya, ta nan zafi ke bi ya lashi jikinta, hayaƙi ya fita. A juya tukunyar a cire a hankali, a shafe ciki da jiƙaƙƙen hannu. Washegari, da ya ɗan sha iska, a yanka ƙofar itace da wuƙa, ta fuskanci inda iska ke fitowa.

Inda mutane ke ɓata aikin shi ne gaggawa. A bar shi ya bushe a inuwa kamar mako guda, a rufe shi da tsohuwar tabarma, in ya tsage a cike da ragowar lakar. Ranar farko a hura wuta kaɗan. Da damina kuma a yi masa rumfa, don ruwa ne ajalinsa. Itace biyu ko uku sirara sun ishe shi, har karan dawa da totuwar masara yana ci. Kuma a riƙa girki a sarari ko inda iska ke ratsawa, domin Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa hayaƙin girki a gida na kashe mutane kusan miliyan 3 a shekara, mata da yara kuwa su ne kullum a bakin murhu.

Matar da ta iya wannan gini ta sami sana'a ba da jari ba. Masu tuwon sayarwa, masu ƙosai, masu suyar ƙuli-ƙuli, duk wadda ta ga itacenta ya ƙara kwana za ta kira ta.

Yanzu batun taimakon jama'a. Garuruwan nan cike suke da 'yan'uwanmu da suka baro ƙauyukansu, wasu a gidajen dangi, wasu a kangaye da makarantu. Mun saba kallonsu a matsayin masu karɓa kawai, alhali mafi yawan gwanayen saƙar kaba da tufka da ginin tukwane daga ƙauye suke. Tsohuwar da ke zaune a zauren wani ba ta da ko tabarmar kwanciya, wataƙila ita ce ta fi kowa iya saƙa ta a unguwar. Saya mata damin kaba ya fi ba ta kwanon tsaba sau ɗaya, kuma ya fi kiyaye mata mutunci. In mata goma suka haɗa adashe suka sayi kaba a sari, suka ɗauke ta tana koya wa 'ya'yansu ana biyanta, kowa ya amfana. Daga cikin abin da aka saƙa a riƙa ware ɗaya cikin goma: tabarma ga makarantar allo, ga masu jinya da ke kwana a barandar asibiti, ga gidan da aka sauki baƙi. Ƙyallayen da teloli ke zubarwa ma a roƙa, a harhaɗa a ɗinka mayafin jarirai kafin hunturu, tun sanyi bai shigo ba.

A kan ciniki kuwa, a riƙa lissafi. Da yawa suna sayar da faifai su ga kuɗi a hannu su ce an ci riba, ba su cire kuɗin kaba da galura da ladan dillaliya ba, balle wahalar kwanakin da aka yi ana saƙa. Kuɗin kayan aiki a ware shi tun daga cinikin farko, ba a taɓa shi ko da baƙo ya zo. Kasuwar Shinkafi ta ranar Alhamis babbar kasuwa ce da ke jawo fatake har daga Nijar, kuma wanda ya sami amintaccen mai kai masa kaya can ya dace. Amma kada a dogara da ita kaɗai. A watan Satumba na 2021 gwamnati ta rufe kasuwannin mako-mako ta kuma katse layukan waya a jihar, kowa ya ga yadda mai jiran ranar kasuwa ya zauna da kayansa. Mai yin abin da maƙwabta ke bukata ba ya jiran Alhamis. Tallan 'yan mata kuma a taƙaita shi cikin unguwa, da rana, ba tasha ba, ba bayan magariba ba.

Maigida, kai ma da naka: samo yumɓu da ɗauko buhuna da sarin kaba aikinka ne, kada ka bar wa mata da yara. Masu unguwanni da limamai kuwa, ku kuka san gidajen da baƙi suka sauka. Ku tambaya a cikinsu wa ya iya saƙa, wa ya iya tufka, wa ya iya gini, ku haɗa su da masu son koyo tun kafin kaka ta wuce ƙaiƙayi ya ƙare a masussuka.