Kada Dogon Suna Ya Razana Ku

'Ya'yana masu karatun kimiyya! Na sha jin kukanku a kan kalmomin da ke cikin littattafan nazarin halittu: sun cika tsawo, ba sa faɗuwa a baki, a haddace su da dare, gari na wayewa sun gudu. Ku ba ni aron kunnuwanku, ko na rage muku wahala.

Yawancin kalmomin nan asalinsu ba Turanci ba ne. Daga Latin da Girkanci aka aro su, don haka ɗan Baturen da aka haifa a Landan ma sai an zaunar da shi an koya masa. Ba wanda ya sha su a nono. Kuma kusan kowacce haɗi ce na gaɓoɓi masu ma'ana. Ku ɗauki photosynthesis da ke sa ku gumi. Gaɓar farko haske take nufi, ta biyu kuwa haɗawa, wato yadda ganye ke harhaɗa abincinsa da hasken rana. Wanda ya gane gaɓar farko, gobe in ya ci karo da ita a wata kalmar, ya san akwai zancen haske a ciki.

Sunayen nan bibbiyu da ake ba tsirrai da dabbobi kuwa, wani masani ɗan ƙasar Suwidin, Carl Linnaeus, shi ya daidaita tsarinsu. A littafinsa na 1753 ya ba kowane tsiro suna mai kalma biyu, a 1758 ya yi wa dabbobi haka. Kafin nan kowa da sunan da yake kiran abu, ana ta kwan-gaba-kwan-baya. Matakai bakwai ɗin da kuke haddacewa a yau, daga kingdom har zuwa species, ku ɗauke su tamkar adireshi: ƙasa, jiha, ƙaramar hukuma, gari, unguwa, gida, sannan mutum. Kalmar farko ta sunan ita ce gidan, ta biyu ita ce mutumin da ke cikinsa.

Yanzu ku leƙa gonar gidanku. Gyaɗa sunanta Arachis hypogaea, kalma ta biyun tana nufin ƙarƙashin ƙasa, kuma ko yaro ya san inda gyaɗa ke zuba 'ya'yanta. Zogale Moringa oleifera ne, wato mai ɗauke da mai, saboda man da ke cikin irinsa. Kuka ana ce mata Adansonia digitata. Kalma ta biyu daga yatsa take, don ganyenta ya bazu irin na tafin hannu, ta farko kuma sunan wani Bafaranshe ne, Michel Adanson, wanda ya yi nazarin itatuwa a Senegal a tsakiyar ƙarni na 18. Ɗorawa, Parkia biglobosa, tana ɗauke da sunan Mungo Park, matafiyin nan da ya rasu a Kogin Kwara wajen Bussa a 1806. Tsamiya kuwa, Tamarindus indica, daga Larabci sunanta ya fito, tamar hindi, dabinon Indiya. Wanda ya yi karatun zaure ba zai ji baƙunta a nan ba.

Ga abin da rarrabewar ke koyarwa wanda ido kaɗai ba zai nuna ba. Gyaɗa da wake da ɗorawa da tsamiya da gawo duk dangi ɗaya ne, Fabaceae, domin dukkansu a cikin kwanso suke ajiye irinsu. Wasu daga cikinsu, irin su wake da gyaɗa da gawo, suna da ƙananan ƙullutu a saiwa inda wasu ƙwayoyin halitta ke kama sinadarin naitirojin na iska su mayar da shi abincin shuka. Kakanninku sun daɗe suna surka wake da gero, sun kuma san hatsi ya fi kyau a gindin gawo, shi ya sa ba sa sare shi a gona. Littafin ya zo ne ya bayyana dalilin abin da suka riga suka gani.

Sai dai ku yi hattara, ba dogayen kalmomi ne suka fi ka da ɗalibi ba. Gajerun da kuke ganin kun riga kun sani sun fi haɗari. A kasuwa, fruit shi ne lemo da mangwaro. A ajin kimiyya, duk abin da ya fito daga fure ya riƙe iri fruit ne, har da tumatir da kuɓewa da barkono. Haka nan kada ku ce insect daidai yake da ƙwaro. Insect dole sai da ƙafa 6 da jiki mai kashi 3. Gizo-gizo da kunama ƙafa 8 gare su, saboda haka rukuninsu daban, ko da yake mu duk ƙwari muke ce musu. Jemage yana tashi, amma ba ya cikin tsuntsaye, don haihuwa yake yi yana shayarwa, wato mammal ne, kuma ita kalmar mammal daga sunan nono aka samo ta a Latin.

Kuma kada sanin sunan Latin ya sa ku raina na gida. Wani likita Bature, J. M. Dalziel, ya bi manoma da masu magani yana tambaya, har ya wallafa ƙamus na sunayen tsirrai da Hausa a 1916. Abin kunya ne baƙo ya taskace sunayen da ɗan gida ya kasa faɗa.

Shawarata ita ce kowannenku ya tanadi ɗan littafi ya raba shafi gida uku: kalmar, ma'anar gaɓoɓinta, da sunan abin a Hausa. In gurbi na uku ya gagara, ku tambayi tsohuwa a gida ko manomin unguwarku, matambayi ba ya ɓata. Kalma biyar a mako ta ishe ku, muddin kun fahimce ta. Allah ya buɗa muku basira, ya sa ilimin ya amfane ku da al'ummarku.