SUNAN NAN JON, DAGA INA YA FITO?

Karatu: Luka 1:5-25 da 57-66

Bayan kaka aka kira mu suna a wani ƙauye cikin ƙasar Shanono, ran Lahadi bayan an tashi sujada. An yanka rago, wanzami ya zo, mata sun cika tsakar gida. Uban jaririn ya yi makaranta, yana aiki a birnin Kano. Da muka tambaye shi sunan da za mu yi addu'a a kansa, ya ce, "Jon." Tsohuwarsa tana zaune bakin ƙofar ɗaki, ta ɗaga kai ta ce, "Jan me? Malam, ce masa ya ƙarasa." Aka yi dariya, amma shi bai yi ba. Ya ce, "Inna, sunan Turawa ne. Yohanna ya zama sunan mutanen ƙauye." Muka tambayi taron ma'anar Jon, ba wanda ya sani. Muka tambayi ta Yohanna, nan ma shiru. Domin wannan muka ga ya kamata mu yi nazarin sunan tare.

1. Asalinsa

Jon ba haifaffen Ingila ba ne, baƙo ne a can. Tushensa Ibrananci ne, Yohanan. Kashin farko guntun sunan Ubangiji ne, na biyu kuwa daga kalmar da ke nufin yin alheri ya fito. Ma'anarsa ke nan: Ubangiji ya yi alheri. Sunan Hannatu, uwar Sama'ila, daga wannan kalma ta alheri ya ke. Helenawa suka ɗauki sunan suka ce Yowannes, Romawa suka karɓa daga gare su, daga Latin kuma ya bazu cikin harsunan Turai, kowace al'umma ta lanƙwasa shi yadda bakinta ya iya. Mutanen Ingila suna rubuta John, amma ba su faɗin h ɗin nan. Saura ne na tsohon sunan. Mu da mu ke cewa Yohanna mun fi su kusa da asali.

2. Ranar suna a gidan Zakariya

Zakariya firist ne, ya tsufa, matarsa Alisabatu ba ta taɓa haihuwa ba. Mala'ika Jibra'ilu ya yi masa albishir da ɗa, ya kuma faɗa masa sunan da za a sa. Zakariya ya yi shakka, sai ya bebance har aka haihu. A rana ta takwas dangi da maƙwabta suka taru. Yahudawa suna haɗawa da ranar haihuwa cikin ƙidaya, saboda haka ranar ta faɗi daidai da ranar sunanmu, watau in mako ya kewayo. Dangi suka so a mai da sunan uban. Uwar ta ƙi. Suka kawo hujja irin tamu, wai ba mai wannan suna a cikin zuriya. Aka miƙa wa Zakariya allo, ya rubuta sunan da mala'ika ya ba shi, nan da nan bakinsa ya buɗe, ya yabi Allah.

Mu lura da kyau. Ba domin daɗin faɗi aka sa sunan ba, ba kuwa domin a faranta wa dangi rai ba. Shaida ce. Duk sa'anda tsohuwar nan ta leƙa waje ta kira ɗanta ya zo ya ci tuwo, tana shaida wa unguwa cewa Ubangiji ya yi mata alheri.

3. Yadda ya yi yawa a Ingila

Saboda Yohanna Mai-baftisma da Manzo Yohanna masu bi suka ƙaunaci sunan. Bayan da Normawa suka ƙetaro daga Faransa suka ci Ingila a 1066 ya soma samun gindin zama, har ya kai wajen yaro ɗaya cikin biyar Jon ne. Sarki ɗaya kaɗai Ingila ta yi mai wannan suna, daga 1199 zuwa 1216. Bai bar suna mai kyau ba, ba a kuwa sake naɗa wani Jon ba. Amma talakawa ba su bar sunan ba. John Wycliffe, wanda ya rasu a 1384, shi da almajiransa suka fara juya dukan Littafi Mai Tsarki zuwa Ingilishi. John Bunyan ya yi shekara 12 a kurkukun Bedford domin ya ƙi barin wa'azi. John Wesley, 1703 zuwa 1791, ya yi ta yawo a kan doki yana wa'azi a fili.

A Amurka Jon ne kan gaba cikin sunayen yara maza daga 1880 har 1923. A Ingila shi ne na ɗaya a 1914, da 1924, da 1934, da 1944. Yanzu ya fita daga cikin sunaye 100 da aka fi sawa a can, a 2023 ma sunan da ya zo na ɗaya Muhammadu ne. Wanda ya sa wa ɗansa Jon domin ya bi yayin Turawa, yayin ya wuce tun zamanin kakanninsu.

4. Sunan a bakin Hausawa

Littafi Mai Tsarki na Hausa da ya fito a 1932, wanda Likita Miller na Zariya ya yi babban aikinsa, Yohanna ya rubuta. Fassarar 1979 kuwa ta ce Yahaya, gama da wannan suna maƙwabtanmu Musulmi suka san annabin nan ɗan Zakariya. Akwai kuma waɗanda suka riƙe na Ingilishi, kamar John Tafida na Wusasa, wanda ya rubuta Jiki Magayi tare da Rupert East. Ashe Jon da Yohanna da Yahaya, ga mutum ɗaya su ke komawa.

Kakanninmu ma ba su sa suna a banza ba. Tanko ya biyo mata, Gambo ya biyo tagwaye, Nomau ya zo lokacin noma, Barmani kuwa roƙo ne na uwar da ta gaji da binne 'ya'ya. Mai bi da ya sa wa 'yarsa Alheri ya faɗi da Hausa abin da Zakariya ya rubuta a allo.

5. Abin da za mu koya

Suna biyu ba zunubi ba ne. Markus mai Bishara yana da na Yahudawa, Yohanna, da na Romawa, Markus (Ayyukan Manzanni 12:12). Abin tambaya shi ne dalili. Jaraba biyu muna gani cikin samarinmu. Wani yana jin kunyar Yohanna domin kada a ce ɗan ƙauye ne. Wani kuwa in ya shiga birni neman aiki ko makaranta sai ya ɓoye shi, domin kada a san mai bi ne. Mun san wannan tsoro ba wasa ba ne, ba mu kuwa raina mai jinsa ba. Amma mu tuna mai sunan ya tsaya gaban Hirudus ya faɗi gaskiya, ya biya da kansa.

Suna kuma ba ya ceto. Yohanan ɗan Kareya ya roƙi Irmiya ya nemo masa nufin Allah, da ya ji sai ya ƙi, ya kwashe jama'a zuwa Masar (Irmiya 42 da 43). Suna linzami ne, in ji Hausawa, amma linzami ba ya amfani in ba mai riƙe da shi. Iyaye, ku san ma'anar sunan da ku ke sawa, ku faɗa wa yaron tun yana ƙarami, ku goye shi cikin tsoron Ubangiji.

Uban jaririn nan ya yi shiru da daɗewa, kana ya ce mu rubuta Yohanna cikin littafin ekklesiya, amma a birni shi Jon zai riƙa kiransa. Muka rubuta, muka yi addu'a. Kakar kuwa Ɗanladi ta ke ce masa har yau.

Tambayoyi

1. Mene ne ma'anar Yohanna, daga wane harshe ya fito?
2. Don me dangin Alisabatu suka ƙi sunan da fari?
3. Ka san ma'anar sunanka da na 'ya'yanka? In ba ka sani ba, tambayi fasto ko dattijo cikin makon nan.
4. Ƙaƙa ekklesiya za ta ƙarfafa ɗan'uwan da ke tsoron faɗin sunansa a birni?

Aya ta haddacewa: Luka 10:20