Binciken Kai: Darasi Daga Rayuwar Imamu Gazali

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin talikai, tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, darasin wannan mako ya shafi wani aiki ne da ya ke da nauyi ƙwarai ga ɗan Adam, watau mutum ya zauna ya binciki kansa da kansa, ya tambayi zuciyarsa dalilin da ya sa ta ke yin abin da ta ke yi. Malamai suna kiran wannan aiki muhasaba. Gano laifin wani ba ya wa kowa wuya, shi ya sa Hausawa ke cewa laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Amma mutum ya sunkuya ya dubi tudun da ya ke tsaye a kai, wannan sai wanda Allah Ya datar. Cikin waɗanda aka datar ɗin akwai Abu Hamid Muhammadu ɗan Muhammadu Algazali, wanda a ke yi wa laƙabi da Hujjatul Islam.

An haife shi a Ɗus, cikin ƙasar Hurasan, a gabashin Iran ta yau, cikin shekara ta 450 bayan Hijira, daidai da 1058 Miladiyya. Mahaifinsa talaka ne, ya rasu ya bar shi da ƙanensa Ahmadu suna ƙanana, a hannun wani abokinsa mai tsoron Allah. Da ɗan abin da uban ya bari ya ƙare, sai mariƙin ya shawarce su da su shiga makaranta, domin a can a kan ciyar da ɗalibai. Ashe ke nan farkon abin da ya kai su ga karatu neman abinci ne. An ruwaito cewa Gazali da kansa ya kan ambaci wannan bayan ya girma, yana nuna cewa sun shiga neman ilmi da wata manufa dabam, amma ilmin ya ƙi yarda ya zama na kowa sai na Allah.

Masu tarihi sun kawo wani labari na ƙuruciyarsa. Yana komowa daga Jurjan inda ya je karatu, sai 'yan fashi suka tare ayarinsu suka kwashe kome, har da jakar da ya ke zuba takardun da ya rubuta a gaban malaminsa. Ya bi su yana roƙo a mayar masa da jakar, ya ce ilmin da ya yi tafiya dominsa duk yana cikinta. Babban ɓarayin ya yi dariya, ya tambaye shi wane irin ilmi ne wannan da za a ƙwace jaka a bar mai shi ba shi da kome. Aka jefa masa jakarsa. Maimakon ya tsaya zagin ɓarawo, sai yaron ya ɗauki maganar tamkar gargaɗi ne Allah Ya aiko masa ta bakin da bai zata ba, ya zauna shekara 3 yana haddace abin da ke cikin takardun nan. Tun daga nan mai karatu zai gane halin mutumin: gaskiya ko daga bakin wa ta fito yana karɓarta, ko da kuwa ta yi masa ɗaci.

Daga nan ya tafi Naisabur wurin Imamul Haramaini Aljuwaini, ya zauna gare shi har malamin ya rasu a shekara ta 478. Sa'an nan ya shiga majalisar waziri Nizamul Mulki, inda malamai ke taruwa suna muƙabala, ya kuwa rinjayi duk wanda ya gwada shi. A shekara ta 484, watau 1091, wazirin ya naɗa shi babban malami a makarantar Nizamiyya ta Bagadaza, yana da shekara 34 kacal. A zamanin nan ba wata kujerar ilmi da ta fi wannan daraja a ƙasashen Musulmi. Ɗalibai wajen 300 ke zama gabansa, halifa na girmama shi, hakimai na neman shawararsa, dukiya kuwa ta samu. Duk wanda ya dube shi daga waje cewa zai yi wannan bawan Allah ya gama dacewa, duniya da lahira.

To, a nan ne darasin ya ke. Ana cikin wannan ɗaukaka sai ya juyo da idon nan nasa mai kaifi, wanda ya ke tone kurakuran masana falsafa da shi, ya ɗora shi a kan kansa. Ya ba da labarin abin da ya gani cikin littafinsa Almunƙizu Minad Dalal. Ya duba ayyukansa duka, ya ga mafi kyawunsu shi ne koyarwa. Ya duba koyarwar, ya ga yawancin abin da ya ke ɓata lokaci a kansa ba zai amfane shi a hanyar lahira ba. Sa'an nan ya duba niyyarsa, ya tarar ba tsarkakakkiya ba ce domin Allah, abin da ke tura shi son girma ne da son sunansa ya watsu. Abin lura shi ne babu wanda ya tuhume shi. Bai ci dukiyar marayu ba, bai sha giya ba, bai yi fatawar ƙarya ba. Aikin da ya ke yi mai kyau ne a idon kowa, cutar tana can ƙarƙashi inda babu mai gani sai Allah sai shi. Irin wannan cuta ta fi kama mutanen kirki: malami a kan buzunsa, mai wa'azi a gaban taro, alhajin da ke gina masallaci yana sauraron ko za a ambaci sunansa, ma'aikacin da ke ƙwazo muddin shugabansa na kallo.

Gane cuta dabam, shan magani dabam. Wata 6 ya yi, tun daga Rajab na shekara ta 488, yana kai gwauro yana kai mari. Da safe ya ƙudura zai bar Bagadaza, kafin maraice son duniya ya warware ƙudurin. Zuciya na raya masa cewa wannan wani yanayi ne mai wucewa, in ya saki wannan matsayi ba zai sake samun irinsa ba. Daga bisani al'amarin ya fita daga hannunsa. Harshensa ya ɗaure, ya kan zo domin ya karantar ko don ya faranta wa ɗalibai rai, amma kalma ɗaya ta ƙi fita. Abinci ya daina narkewa a cikinsa, jiki ya raunana, har likitoci suka ɗebe tsammani, suka ce ciwon daga zuciya ya taso, ba kuwa zai warke ba sai an kawar da damuwar da ta haddasa shi.

Cikin watan Zulƙida na shekarar nan, daidai da ƙarshen 1095, ya fita. Ya nuna wa mutane Makka za shi, alhali Sham ya nufa, domin kada halifa da abokai su hana shi. Ya rabar da dukiyarsa, ya bar abin da zai ishi iyalinsa kawai, ƙanensa Ahmadu ya riƙe masa karatun. Mutane suka yi ta faɗin albarkacin bakinsu. Na nesa suka ce tsoron masu mulki ya kore shi, na kusa da suka san yadda masu mulkin ke riƙe da shi suka ce kambun baka ne ya sami Musulmi. Kusan babu wanda ya kawo a ransa cewa mutum zai iya barin irin wannan kujera saboda tsoron Allah kurum. Haka duniya ta ke, kowa da mudunsa ya ke auna wani.

Ya zauna Dimashƙa, yana hawa hasumiyar babban masallaci ya rufe ƙofa ya wuni shi kaɗai. Ya tafi Baitul Maƙdis, ya ziyarci kabarin Annabi Ibrahim, tsira da aminci su tabbata a gare shi, inda ya ɗauki alkawari uku: ba zai sake zuwa fadar sarki ba, ba zai karɓi kuɗin sarki ba, ba zai sake shiga muƙabala ta neman rinjaye ba. Ya yi aikin Hajji, daga baya ya koma gida Ɗus. Cikin waɗannan shekaru ne ya wallafa Ihya'u Ulumid Din, mai littattafai 40 cikin kashi huɗu: ibada, da al'amuran zaman yau da kullum, da halayen da ke halaka mutum, da waɗanda ke tsirar da shi. Malamai sun yi magana a kan raunin waɗansu hadisan da ke ciki, har Hafizul Iraƙi ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya bayyana matsayinsu, saboda haka mai karanta shi ya nemi malami. Amma wajen sanin cututtukan zuciya, kamar riya da hassada da jiji da kai, kaɗan ne suka kama ƙafarsa, dalili kuwa ya ɗanɗani ciwon da kansa.

Cikin littafin nan ya kwatanta mutum da ransa da ɗan kasuwa da abokin cinikinsa. Jarin shi ne kwanakin rayuwa, kowane numfashi kuwa in ya fita ba ya komowa. Ɗan kasuwa mai hankali ba ya miƙa wa yaronsa jari ya juya baya. Ya kan gindaya masa sharaɗi tun da safe, ya sa masa ido da rana, in dare ya yi su zauna lissafi. Haka ya ce mutum ya yi da ransa. Bayan sallar Asuba ya yi mata sharaɗi game da harshe da ido da ciki da sauran gaɓoɓi. In ya tashi yin wani aiki ya dakata kaɗan ya tambaya, wannan domin wa? Kafin ya kwanta ya bi wuninsa, ya fara da farillai, domin su ne uwar kuɗi, nafiloli riba, saɓo kuwa hasara. In ya sami gibi kada ya kau da kai, ya ɗora wa kansa abin da zai horar da ita, kamar sadaka ko azumi, ya biya haƙƙin wanda ya zalunta, ya yi wa ransa faɗa kamar yadda ya ke yi wa ɗansa. Abin mamaki, mutumin da ba ya iya barci in sule ɗaya ya ɓace cikin lissafin kantinsa, shi ne zai shekara bai taɓa lissafin abin da harshensa ya ɓarnatar ba.

Kada wani ya fahimci cewa abin nufi shi ne kowa ya watsar da aikinsa ya shiga daji. Malalaci na iya fakewa da wannan labari ya bar iyalinsa da yunwa ya ce zuhudu ya ke yi, wannan kuwa yaudara ce sabuwa a kan tsohuwa. Gazali kansa bai dawwama a keɓe ba. A shekara ta 499, watau 1106, shekara 11 bayan barinsa Bagadaza, waziri Fakhrul Mulki ɗan Nizamul Mulki ya matsa masa ya koma koyarwa a Naisabur, ya kuwa koma bayan ya shawarci mutanen kirki. Ya bayyana cewa wannan ba komawa ba ce ga abin da ya bari, domin da can yana yaɗa ilmin da a ke samun girma da shi, yanzu kuwa yana kira ne zuwa ga ilmin da ke sa a bar son girma. Aikin bai sake ba, mai aikin ne ya sake.

Ƙasar Hausa ma ta ga irin wannan. Wajen shekara ta 1807, ana tsakiyar jihadi, Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya ga son mulki da tara dukiya sun fara shiga zukatan waɗansu daga cikin jama'a, sai ya bar rundunar ya nufi gabas da niyyar zuwa Makka. Da ya iso Kano mutanen gari suka roƙe shi ya tsaya ya koya musu, ya tsaya ya karantar da tafsiri, ya rubuta musu Liya'ul Hukkam kan yadda a ke mulki bisa shari'a, sa'an nan ya koma wurin 'yan'uwansa ya ci gaba da ɗaukar nauyin da ya so ya guje wa.

Shi kuwa Gazali bai daɗe a Naisabur ba, ya koma Ɗus ya kafa makaranta kusa da gidansa, ya raba lokacinsa tsakanin karatun Alƙur'ani da koyarwa da ibada. A ƙarshen rayuwarsa, duk da sunan da ya yi, ya zauna gaban malaman hadisi kamar ƙaramin ɗalibi, domin ya san a nan ya ke da rauni. Ya rasu ranar Litinin, 14 ga Jimada Sani na shekara ta 505, daidai da Disamba 1111, yana da shekara 55. An ruwaito daga ƙanensa Ahmadu cewa da asubar ranar ya yi alwala ya yi salla, ya ce a kawo masa likkafaninsa, ya karɓa ya sumbace shi ya ɗora a idanunsa, sa'an nan ya miƙe ƙafafu ya fuskanci alƙibla, kafin gari ya waye ya cika. Allah Ya ji ƙansa, amin.