Kuɗin Taimakon Ƙauyuka da Unguwanni: Ƙaƙa Ya Ke Zuwa?

Kowane mutum a ƙasar Tiga ya taɓa jin an ce gwamnati ta fitar da kuɗi domin a taimaki talakawa. A kan ji a rediyo, a kan ji a kasuwar Kwanar Ɗangora, har a ƙofar majami'a bayan an tashi sujada. Sa'an nan wata ya wuce, shekara ta wuce, ba wanda ya ga ko anini a ƙauyensu, sai a ce an cinye. Wani lokaci gaskiya ne an cinye. Amma sau da yawa kuɗin ya zo, ya tarar da wani ƙauye a shirye ya shiga, ya tarar da wani ba shiri ya wuce. A cikin darasin wannan wata za mu bi sawun irin wannan kuɗi, mu ga inda ya ke fitowa da abin da a ke nema a wurin mutane kafin a ba su.

Tsofaffinmu sun san zamanin En'e. A lokacin nan dagaci ya kan tara haraji, a karɓi jangali a kan shanu, a kai baitulmali, da kuɗin nan kuwa a ke biyan ma'aikata, a gina ɗakin shan magani. A shekara ta 1976 aka sake tsarin mulkin ƙasa duka, aka kafa ƙananan hukumomi a madadin En'e. Bayan wannan, a 1979, Gwamna Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali a Jihar Kano. Talakawa sun yi murna, sun kuwa yi gaskiya, gama harajin ya matsa musu. Amma tun daga nan ƙaramar hukuma ta zama ba ta da wani abin kirki da ta ke tarawa a gida, sai ɗan kuɗin rumfar kasuwa da na tashar mota. Idonta yana kan abin da za a aiko daga Abuja.

Ƙananan hukumomi 774 ne a Nijeriya, 44 daga cikinsu a Jihar Kano, Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa suna ciki. Daga asusun tarayya, inda a ke zuba kuɗin mai da sauransu, an yanka wa ƙananan hukumomi duka kashi 20.6 cikin ɗari. Tsarin mulki na 1999 ya ce aikinsu ne su lura da kasuwanni, da mayanka, da maƙabarta, da ƙananan hanyoyi, su kuma sa hannu a makarantun firamare da asibitocin ƙauye da aikin gona. Sai dai kuɗin ya kan bi ta wani asusu na haɗin gwiwa da ke hannun gwamnatin jiha. Ran 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a riƙa biyan ƙananan hukumomi kai tsaye, ko da ya ke bayan hukuncin an yi ta jan ƙafa wajen cika shi. Mai karatu ya riƙe wannan: yawancin abin da ya isa sakatariya albashi ne ya ke lashe shi, musamman na malaman makaranta. Kuɗin taimako irin wanda mu ke magana a kai ba daga nan ya kan fito ba. Daga gwamnatin tarayya ko ta jiha ya ke zuwa, sau da yawa kuwa rance ne daga Bankin Duniya. Ƙaramar hukuma ƙofa ce da ya ke bi ya shigo.

Dā can, idan gwamnati za ta taimaki mutane, ita kaɗai ta ke shawara. Babu misalin da ya fi dam ɗinmu na Tiga. An gina shi daga 1971 zuwa 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, a kan Kogin Kano. Babban aiki ne, ba mai musu. Ruwansa ya bi magudana ta Ruwan Kanya ya tafi Kadawa da Kura da Bunkure da Garun Malam, ya mai da su ƙasar shinkafa da tumatir rani da damina. Amma dubban mutane aka tasa daga gidajensu da gonakinsu domin ruwa ya kwanta, ba kuwa su ne suka fi cin amfaninsa ba, gama ruwa gangara ya ke bi, ba ya hawa tudu. Ba a tambaye su abin da su ke so ba.

Daga baya masu ba da rance suka ga ayyuka da yawa da aka yi wa mutane ba da shawararsu ba sun lalace, ba mai kula da su. Sai suka sake dabara. A ƙasarmu an fi ganin sabuwar dabarar a cikin shirin Fadama. Na farko ya soma a 1993, ya ba manoman rani ƙananan rijiyoyin burtsatse da injin ban ruwa. Na uku, wanda Bankin Duniya ya amince da shi a 2008 da dala miliyan 250, ya game jihohi 36 duka da Abuja. A 2013 aka ƙara kuɗi, Kano tana cikin jihohin da aka fi mai da hankali a kansu saboda shinkafa da tumatir. Shirin ya ƙare a 2019, amma ya kamata mu san ƙa'idarsa sosai, domin shirye-shiryen da suka biyo baya irin hanyarsa suka bi.

Ga yadda ta kasance a lokacin shirin. Ba a ba mutum ɗaya. Sai masu sana'a iri ɗaya sun haɗu, mutum goma zuwa arba'in, manoma ko masunta ko makiyaya ko mata masu gyaran shinkafa, su zama ƙungiya, su yi rajista, su buɗe asusu a banki. Ƙungiyoyi da dama na yanki ɗaya su haɗu su zama uwar ƙungiya, su zauna su rubuta abin da su ke bukata bi da bi, wanda ya fi muhimmanci a gaba. Wannan takarda ita a ke kaiwa sakatariya, inda akwai teburin Fadama da kwamitin da ke dubawa ya sa hannu. In an amince, ba a biya duka ba. In aikin na kowa da kowa ne, kamar kwalbati ko rumfunan kasuwa ko hanyar kai amfanin gona, shirin ya biya kashi casa'in, mutane su kawo goma. In kayan sana'a ne na ƙungiyar kanta, shirin ya biya saba'in, su biya talatin.

Bari mu yi lissafi, gama a nan ne mutane su kan ja da baya. A ce mata ashirin suna son injin niƙa, a ce kuɗinsa naira dubu ɗari shida. Rabonsu dubu ɗari da tamanin ke nan, watau kowace mace dubu tara. Ga matar da ke sayar da ƙosai a bakin hanya, dubu tara a rana ɗaya abu ne mai nauyi. Amma in sun soma adashi wata tara kafin nan, dubu ɗaya ce a wata. Har ila yau shirin ya ce kowace shekara ƙungiya ta ajiye kashi goma na kuɗin injin a wani asusu dabam, domin ran da ya mutu a sayi wani. A ganina wannan ƙa'ida ta fi sauran duka hikima, ita ce kuwa aka fi karyawa. Ku zaga ƙauyukanmu ku ƙirga famfunan tuƙa-tuƙa da suka tsaya. Galibinsu abin da ya lalace a ciki bai kai kuɗin akuya ba, amma ba a taɓa sa kowa ya tara kuɗin gyara ba, kowa yana jiran wanda ya haƙa ya dawo. Ba zai dawo ba.

Waɗansu suna cewa, don me za a ce talaka ya kawo nasa, ba don talaucinsa a ke taimakonsa ba? Tambayar tana da ƙarfi, kada mu raina ta. Dalilin masu shirin shi ne abin da mutum ya sa guminsa a ciki ba ya barinsa ya lalace, kuma mutane ba za su biya rabonsu a kan abin da ba su bukata ba. Wannan gaskiya ne. Amma akwai wata gaskiyar kuma. Garin da ke bakin kwalta, mai 'yan kasuwa da 'yan boko, nan da nan ya kan tara kashi gomansa ya rubuta takardarsa. Ƙauyen da ke can gefen dajin Falgore, ko bayan duwatsun Riruwai, inda mota ba ta shiga da damina, shi ne ya fi bukata, shi ne kuwa labarin ya kan isa bayan an rufe. Ta haka taimakon talakawa ya kan tsaya a wurin masu dama-dama. Sauƙin da ke ciki shi ne, a aikin jama'a ba lalle rabon mutane ya zama tsabar kuɗi duka ba. A kan karɓi yashi da tsakuwa da aikin hannu a yi musu kuɗi. Mu kuwa mun gaji gayya tun kaka da kakanni. Ƙauyen da zai iya fitar da samari talatin su nome gonar mutum ɗaya kafin azahar zai iya tara yashin kwalbati.

Akwai wani irin taimako kuma da a ke ba mutum shi kaɗai domin jari. A 2021 aka soma shirin NG-CARES bayan annobar korona, da rancen dala miliyan 750, ɓangare guda nasa kuwa na masu ƙananan sana'o'i ne. Sa'an nan a ƙarshen Yuli 2023, bayan an janye tallafin man fetur, Shugaba Bola Tinubu ya yi shelar za a ba masu ƙananan sana'o'i naira dubu hamsin-hamsin kyauta, mutum 1,300 a kowace ƙaramar hukuma, aka soma biya a 2024. Mu sake lissafi. Ƙananan hukumominmu huɗu, mutum 5,200 ke nan. A ƙidayar 2006 mutanen waɗannan huɗu sun haura dubu ɗari takwas, yau kuwa sun fi haka nesa. Ko da ƙidayar dā, mutum ɗaya ne cikin ɗari da sittin. Saboda haka in ba ka samu ba, kada ka yi saurin cewa don addininka ne ko don jam'iyyarka. Mai yiwuwa ne akwai son kai a wani wuri, amma ko mala'ika ne ya raba, yawancin mutane ba za su samu ba. Wanda kuwa ba shi da lambar katin ɗan ƙasa da lambar BVN ta banki, tun daga bakin ƙofa ya faɗi.

A nan sai in ja kunnen 'yan'uwa. Takardar neman irin wannan taimako ba a sayar da ita. Duk wanda ya zo ƙauye da jaka ya ce a ba shi dubu biyu-biyu ya sa sunanku, ko ya buga waya ya ce ku faɗa masa lambar sirri ta katin banki, ɓarawo ne, ko da ya yi sallama da sunan wani babba. Na san wani ƙauye inda gwauraye mata suka sayar da kajinsu suka biya irin wannan mutum, har yau ba a sake ganinsa ba.

To, mu 'yan ekklesiya, ina namu a ciki? Da fari mu sani ba a gina majami'a ko masallaci da wannan kuɗi, kada ma a ɓata takarda. Kada kuma mu ware kanmu. Rijiya ba ta tambayar addinin mai ɗiba, takardar da ta fito daga unguwa duka da hannun mai unguwa da dagaci da kansila ta fi ta mutanen majami'a ɗaya nauyi a sakatariya. A wurare da yawa mu kaɗan ne, in mun zauna a gida ran taro, za a rubuta bukatun gari ba namu a ciki, laifin kuwa ba na maƙwabta ba ne. Muna da abin da za mu kai taron. Zumuntar mata ta saba da tara kuɗi kowane mako da rubuta shi a littafi, ma'ajin ekklesiya ya saba da karanta lissafi a gaban jama'a. Abin da a ke nema a wurin ƙungiya ke nan daidai: littafin taro, littafin kuɗi, rasit na kowane abu da aka saya, da mutum biyu ko uku masu sa hannu a banki. Shawarata ita ce kada fasto ya zama ma'ajin irin wannan ƙungiya. In kuɗi ya yi gardama, yana bukatar bakin da zai sulhunta mutane.

Akwai jarraba guda da ta kan zo wa mutanen kirki ma. A ce ana son mutum ashirin, ku kuwa goma sha biyu ne, sai wani ya ce a cika da sunayen yara da na waɗanda suka tafi ci-rani. Ko mai kawo kaya ya ce a rubuta rasit fiye da abin da aka biya, a raba sauran, ta haka rabonku ya fita ba ku biya kome ba. Mutane su kan ce ai kuɗin gwamnati ne. Mun riga mun ga yawancinsa rance ne, 'ya'yanmu ne za su biya. Banda wannan, masu binciken lissafi su kan zo, in sun kama ƙungiya ɗaya, sunan ƙauyen duka ne ya ɓaci.

Shirye-shiryen nan suna zuwa suna wucewa, sunansu yana sakewa, ba wanda ya san ran da wani zai buɗe. In ya buɗe kuwa, kwanakin da a ke bayarwa ba su isa a kafa ƙungiya daga fari ba. Saboda haka aikin na yanzu ne, bayan an gama girbi, sa'ad da akwai ɗan abu a hannu. Ku zaɓi shugaba da magatakarda da ma'aji, ku rubuta dokokinku a takarda ɗaya, ku je sakatariya ku nemi jami'in da ke rajistar ƙungiyoyin taimakon kai da kai, ku biya abin da doka ta ce, ku karɓi rasit. Ku sa mutum ɗaya mai karatu ya riƙa leƙa ofishin aikin gona sau ɗaya a wata ya tambayi ko akwai sabon abu, ƙungiya ta biya masa kuɗin mota.